Tulin Gindin Taga

Wata goma sha huɗu ke nan Yaya yana gidan yari yana jiran shari'a. Bakanike ne. Wani mutum ya kawo masa mota gyara, ya tafi bai dawo ba. Kwana uku bayan haka 'yan sanda suka zo suka ce motar ta sata ce, suka haɗa da mota da mai gyaranta suka yi gaba. Sau ɗaya tak aka kai shi gaban alƙali. Aka karanta masa tuhuma, ya ce bai aikata ba, aka ɗage zama. Kafin ranar dawowa ta zo, ruwan sama ya huda rufin ɗakin da kotu ke ajiye takardunta, aka kwashe duk abin da ke ciki da baro aka jibge a wani ɗaki can ƙarshen baranda. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sa fayil ɗin Yaya a ido. In ba fayil ba a zama, in ba a zauna ba babu maganar beli.

Auta ƙanwarsa ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Tana koyar da kwamfuta a wata kwaleji, kuma a duk watannin nan karatunta bai tsinana wa Yaya komai ba. Abinci matarsa ke kai masa. Kuka mahaifiyarsu ke yi. Ita Auta nata bai wuce rakiya ofishin lauya ba, ta zauna ta sake jin abin da ta ji wancan karon.

Wannan karon dai lauyan ya zo da sabuwa.

"Alƙalin nan an yi masa canjin wurin aiki," in ji shi, yana goge tabarau da bakin rigarsa. "Zamansa na ƙarshe Litinin ce, nan da mako uku. Na same shi a ofis. Ya ce in fayil ya zo gabansa ranar, zai saurari beli, kuma daga yadda ya yi maganar, zai bayar. In ya tafi, sai an turo wani."

"Yaushe za a turo wanin?" matar Yaya ta tambaya.

"Kotun da ke gefenta shekara biyu ke nan kujera ba kowa."

Auta ta ɗauki hutun mako uku daga kwaleji. Litinin ɗin farko da safe tana gaban Rajistaran kotun, wani mutum mai tsaftataccen tebur da fanka a saitin wuyansa. Ta roƙi a bar ta ta shiga ɗakin ta nemi fayil ɗin da kanta.

"Na waje ba ya bincike a ɗakin ajiya, Malama. Doka ce."

"To, ranka ya daɗe, gyara fa? In na gyara muku ɗakin, na jera komai a kan kanta?"

Rajistara ya dube ta ta saman tabarau, ya ɗan yi tunani.

"Gyara daban," in ji shi. "Gyara ba bincike ba ne."

Ya rubuta mata 'yar takardar izini, ya buga hatimi. Daga takwas na safe zuwa uku na yamma, ranakun aiki kawai, har sai gyara ya ƙare.

Ɗakin dogo ne, taga ɗaya gare shi mai sandunan ƙarfe. Warin laima da na ɓera suka fara tarbar ta. A jikin bango kantocin ƙarfe ne a tsaye, fayau ba komai a kansu, takardun kuwa suna ƙasa tuli-tuli, wani ya kai gwiwa, wani ya kai ƙugu, wasu an ɗaure da zare, wasu sun zube sun shiga cikin juna. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune a kujera, makullai a wuya, tabarau mai kauri an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Baba Akawu ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da takardun kotun nan, saura wata takwas ya yi ritaya.

Ya karɓi takardar izinin, ya kai ta dab da hancinsa, ya miƙo mata.

"Ke ce ƙanwar bakaniken?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya fid da shi. Ki yi abin da za ki yi, 'yata. Amma wancan tulin na gindin taga, ki bar mini shi yadda yake."

"Me ke ciki?"

"Fayil ke ciki, me kike so ya kasance a ciki? Nawa ne. Na san shi."

Lambar Yaya 18417 ce. Kwana biyu Auta ta yi tana ɗaga bango bayan bango tana duba lamba. Har tulin gindin taga ta duba, fayil wajen ɗari biyu, ta mayar da kowanne inda ta ɗauke shi, tsoho na kasa kunne. Babu. Sauran ɗakin kuwa bai yarda da ita ba. Ta gama da tuli, na gefensa ya rushe a kansa. Masinja ya shigo neman wata takarda, ya yamutsa inda ta wuce ya fita. Lambobin da hannu aka rubuta su, hannun mutane goma ko fiye, wani takwas ɗinsa kamar uku, wani bakwai ɗinsa kamar ɗaya. Yammacin Talata ta tsaya a tsakiyar ɗakin ba ta iya rantsuwa a kan wane ɓangare ta duba, wane ba ta duba ba.

Ranar Laraba ta zo da kwalin alli, ta zo da matar Yaya, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta biyo ta. Auta ta share tsakiyar ɗakin, ta zana gida goma sha tara a ƙasa, ta rubuta lamba a kowanne.

"Wasan yara muka zo yi, Farfesa?" in ji matar Yaya. Haka take kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Anti, saurara. Fayil dubu tara ne a nan ko sama. In a hargitse suke, sai kin duba duka, kuma ko kin duba ba ki da tabbas. In a jere suke, tsakiya za ki buɗe, ki ga naki na gaba ne ko na baya, ki watsar da rabi. Ki sake raba rabin da ya rage. Dubawa goma sha huɗu kin gama."

"Sha huɗu? Cikin dubu tara?"

"Sha huɗu."

"To jera su fa, dubawa nawa ce?"

Auta ta juya allin a hannunta. "Da ɗan yawa."

"Ai na sani. Ku masu karatu, daɗin zance kuke fara ba mutum, wahalar sai ya tambaya."

Hanyar dai ita ce wadda Auta ke koya wa ɗalibanta a zango na biyu, yadda kwamfuta ke jera lambobi. Da farko a rarraba: duk fayil ɗin da lambarsa ta fara da dubu ɗaya ya tafi gida na ɗaya, na dubu biyu gida na biyu, har zuwa ƙarshe. Sannan a ɗauki gida guda, a kasa shi ashirin-ashirin, a jera kowane kashi da hannu. Sannan a haɗe: a ajiye kashi biyu jerarru gefe da gefe, a dubi na saman wannan da na saman wancan, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta a ɗauke a kife a gefe, a sake duban na sama. Ashirin biyu su zama arba'in, arba'in biyu su zama tamanin, har gidan ya zama layi ɗaya.

"Kamar rabon faɗan yara," in ji matar Yaya bayan ta gwada. "Kai wuce, kai tsaya. Wannan ai ko ni na iya."

"Shi ya sa kwamfuta ta iya. Ba ya bukatar wayo."

"Au, zagina kike yi?"

Baba Akawu ya yi dariya daga bakin ƙofa, karo na farko.

Rarrabawar ta ci musu Laraba da Alhamis da safiyar Juma'a. Suna ɗauka, Auta na karanta lamba da ƙarfi, matar Yaya na kaiwa gidansa. Wajen sha ɗaya na ranar Juma'a ƙasan ɗakin ya fito, siminti mai tabon ruwa. Tuli ɗaya ya rage a waje da gidajen alli, na gindin taga. Baba Akawu ba ya nan, Rajistara ya aike shi kai wasu takardu wani ofis.

Auta ta tsaya tana kallon tulin. A aji takan gaya wa ɗalibai cewa kyawun hanyar nan shi ne ba ta tambayar inda abu ya fito, ko wa ya ajiye shi, ko me ke kusa da shi. Lamba kawai take kallo. Ka ba ta a hargitse, ka ba ta a juye, amsa ɗaya za ta ba ka. Amma sharaɗi ɗaya gare ta, komai ya shiga. In an bar ɗari biyu a waje, to in ta ga giɓi a layi ba za ta san ko giɓin gaskiya ba ne.

Ta sunkuya ta ɗebi na sama.

"Tsohon nan fa ya ce kada a taɓa," in ji matar Yaya.

"Ba gida zan kai su ba, Anti. Kowanne gidansa zai shiga. Shi ma sai ya fi jin daɗin nema."

"Ni dai na faɗa."

Minti ashirin suka gama.

Da Baba Akawu ya dawo, bai zauna ba. Ya bi gefen bango kamar yadda ya saba, ya isa gindin taga, ya miƙa hannu daidai ƙugu don ya dafa tulin. Hannun ya faɗa cikin iska. Ya lalubi ƙasa da ƙafa.

"Kin taɓa."

"Ba abin da ya ɓace, Baba. Ga su nan, kowanne da 'yan'uwansa."

Tsoho ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Sannan ya koma kujerarsa.

"Allah ya kyauta," in ji shi.

Auta ta ɗauka fushin tsufa ne. Ta ci gaba da aiki.

Ranar Litinin ta mako na biyu ta fara da gida na goma sha takwas, gidan Yaya. Kafin a tashi ya zama layi ɗaya a kan kanta. Ta bi da yatsa. 18415. 18416. 18418.

Matar Yaya ta zauna a ƙasa daɓas.

"Shi ke nan? An sace?"

"Ba lallai ba. Kin ga rubutun nan. Mai rubuta takwas kamar uku zai iya sa na kai shi gida na sha uku. Ko ya rubuta lambar ba daidai ba tun farko. In haka ne, yana zaune a kan lambar wani. In muka jera duka, duk inda lamba ɗaya ta fito sau biyu, ɗayan baƙo ne."

"Duka? Dubu tara?"

"Muna da kwana tara."

Matar Yaya ta dubi hannayenta, waɗanda gefen takarda ya riga ya yayyanka. Ta tashi ta ɗaure ɗankwalinta a hanci.

Kwanakin suka zama iri ɗaya. Kasa ashirin, jera, haɗe, kife. Ƙura ta sa musu tari. Bayan Auta ya riƙe, yatsunta suka yi baƙi har wanki ba ya fitarwa. Kuma gaskiyar magana, tana jin daɗin aikin. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma in layi biyu suka narke suka zama ɗaya a hannunta, ba kuskure ko ɗaya, takan ji wani sanyi a ranta da ba ta ji ba tun ranar da aka tafi da Yaya. Wannan abin ta iya shi. Kantoci suka fara cika daga hagu, ta manna 'yar takarda a kowane mataki, daga lamba kaza zuwa lamba kaza.

Rajistara ya leƙo ranar Alhamis, ya dawo ranar Juma'a da baƙi biyu yana nuna musu.

"Mun sa an zamanantar da wurin," in ji shi.

Masinja ya zo neman wani fayil, Auta ta zaro masa kafin ya gama karanta lambar. Ya riƙe baki.

"Malama, aljanu gare ki?"

"Nata aljanun na wasu suke wa aiki," in ji matar Yaya. "Na gida ba su san shi ba."

Baba Akawu ya daina dariya. Yana zaune yana juya makulli, in an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba shiru. Sau biyu ya tambaya, "An samu mai lamba biyun?"

An samu. Sau goma sha ɗaya lamba ɗaya ta fito a fayil biyu. Duk lokacin sai matar Yaya ta ajiye abin da ke hannunta ta matso. Ranar Litinin ta mako na uku, a gida na sha uku, 13417 ta fito sau biyu, ukun da ke jikin ɗaya fayil ɗin a murɗe yake kamar takwas. Auta ta buɗe su. Na farko rikicin katanga ne tsakanin maƙwabta. Na biyu wani ne ya mari direba.

Ranar Laraba da azahar ta ɗora fayil na ƙarshe a kanta ta ƙarshe. Ɗakin ya yi fes, ana iya tafiya daga ƙofa zuwa taga ba a taka komai ba. Ta koma gida na sha takwas ta sake bi da yatsa, ko da yake ta san abin da za ta gani. Sannan ta zauna a kan siminti ta jingina da ƙarfen kanta.

"Ba ya ɗakin nan," in ji ta. "Yanzu na tabbata."

"Yana nan," in ji Baba Akawu.

Suka juyo. Tsoho ya tashi ya tura ƙofa ya rufe, abin da bai taɓa yi ba.

"Ranar da ruwa ya zubo, kanta ɗaya ya fi samu. Ni ba da lamba nake ajiya ba, 'yata. Waɗanda suka dawo daga gaban alƙali a mako guda, wuri guda nake sa su, don su za a fara nema. Wannan kantar ta waɗanda suka dawo a watan ce. Kusan sittin bangonsu ya jiƙe ya zama kamar kunu. Na ciro takardun ciki na shanya, sun bushe. Na nemi sabon bango a ofis, aka ce babu, sai an kawo. To takarda ba bango, ɓera ne da ita ko shara. Sai na bi na cusa kowace a cikin wani fayil mai lafiya na kantar, a tsakiya, don ta fake kafin a kawo bangon. Na tara su wuri ɗaya."

"Gindin taga," in ji matar Yaya.

"Gindin taga."

Auta ta ɗago kai. "Na Yaya yana cikinsu?"

"Watan da aka kai shi ke nan. In ba ya kan kanta da bangonsa, to yana cikin wani."

"Cikin wanne?"

Tsoho ya cire tabarau. Idanunsa duka biyu sun yi fari-fari a tsakiya.

"Shekara uku ke nan ba na ganin lamba. Da hannu nake aiki, da wuri. Ban san na wa na cusa ba, ban san a cikin na wa na cusa ba. Na dai san tulin."

"Kuma ka yi shiru?" Matar Yaya ta miƙe. "Wata goma sha huɗu mijina na kwance a siminti, kai kana zaune a kan kujera kana gadin tuli?"

"Haɗa takardun shari'a biyu a bango ɗaya laifin kora ne. Makanta ma haka. Saura wata takwas. Na yi ta fata nasa na wani wuri da bangonsa."

Auta ta rufe ido. Tana ganin ranar Juma'ar nan sarai. Tulin taga shi ta rarraba a ƙarshe, don haka duk ɗari biyun a saman gidajen alli suke lokacin da tsoho ya dawo, goma a nan, sha biyu a can.

"Baba, da ka faɗa ranar da ka dawo daga aike, a sama suke. Minti goma mun tattara su. Yini ɗaya mun buɗe duka."

"Ban sani ba. Na ɗauka sun riga sun tafi. Ni ban san aikinki ba."

"Ita ma ba ta san naka ba," in ji matar Yaya, "amma bai hana ta ɗiba ba. Na ce mata kada ta taɓa. Tsoho ya ɓoye, mai ilimi ta watsa. Allah ya isa tsakanina da ku duka biyun."



Auta ta yi lissafin a ka, don ba ta iya hana kanta. Ɗari biyun sun bazu cikin dubu tara, kuma ba abin da ya bambanta su daga waje. Tabon ruwa rabin ɗakin na da shi. Ta yi tunanin neman masu kumburi, sai ta tuna shari'ar da ba a fara ba ba ta da kauri. Lauya ya ce takardun Yaya ba su wuce shida ba. Sai dai a buɗe kowane fayil a bi shi shafi-shafi. Ko minti ɗaya aka ba kowanne, awa ɗari da hamsin ke nan. Suna da Alhamis da Juma'a, awa bakwai-bakwai.

Ta tashi ta zaro fayil na farko a kanta ta farko. Bayan ɗan lokaci matar Yaya ta share fuska da bayan hannu, ta tafi can ɗaya ƙarshen ta zaro na ƙarshe. Ba su ƙara yi wa juna magana ba.

Babu dabara a wannan aikin. A buɗe, a lasa yatsa, a bi, a rufe, a mayar. Wasu fayilolin shafi ɗari uku ne, an ɗinke da zare, wasu sun manne sai an ɓamɓare a hankali. Ranar Alhamis Auta ta ci karo da takardu huɗu masu tabon ruwa a tsakiyar wata shari'ar gado, da wani suna daban a kansu. Ba Yaya ba ne. Wani mai gadi ne da ake tuhuma da barci a bakin aiki har aka yi sata. Kafin azahar ɗin Juma'a sun samu bakwai irinsu. Mutum bakwai, wataƙila dukansu suna can tare da Yaya. Ta miƙa wa Baba Akawu, ya riƙe bai san inda zai kai su ba, ya buɗe aljihun tebur ya zuba.

Ƙarfe ɗaya ta wanke hannu ta nufi ofishin Rajistara. Tsoho ya ji takunta ya gane.

"'Yata."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ta faɗa wa Rajistara komai a tsaye. Ta roƙi a ba ta Asabar da Lahadi, a ba ta ma'aikata goma, ko biyar. Ya saurare ta har ƙarshe, ya rage ƙarfin fanka.

"Malama, ban ji abin da kika ce ba. Kin san me ya sa? In na ji, sai na rubuta. In na rubuta, sai an kafa kwamiti, a garƙame ɗakin da hatimi har kwamiti ya gama. Na taɓa ganin wanda ya yi shekara uku. Tsohon nan a kore shi, ɗan'uwanki kuma yana inda yake." Ya miƙo hannu. "Na ga gyara ya ƙare, ya yi kyau ƙwarai. In an tashi ki kawo mini takardar izinin."

"Ranka ya daɗe, fayil ɗin yana ɗakin."

"An jera ɗakin lamba-lamba, ke kika jera. Na duba da kaina, 18417 ba ya nan. Abin da zan rubuta wa kotu ke nan."

Ta koma ta yi awa biyun da suka rage. Da ƙarfe uku ya buga sun buɗe dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Baba Akawu ya kulle ƙofa, ya laluba ya tabbatar kwaɗon ya kama.

Ranar Litinin ba a ma kawo Yaya kotu ba, tunda sunansa bai shiga jerin ranar ba. Lauya ya miƙe bayan shari'a ta ƙarshe ya tunatar da alƙali alkawarinsa. Alƙali ya dubi magatakarda, magatakarda ya karanta takardar Rajistara: an bincika ɗakin ajiya baki ɗaya, ba a samu ba.

"Ba abin da ke gabana, lauya," in ji alƙali. "Na so a ce akwai."

Ya tattara alƙalumansa ya sa a aljihu, aka miƙe masa.

Ranar ziyara matar Yaya ta ce ba ta jin daɗi, Auta ta tafi ita kaɗai da kwanon abinci. Aka fito da shi bayan ragar ƙarfe. Ya rame, gemunsa ya yi furfura a gefe, hannayensa sun yi fari tas, ba ɗigon baƙin mai. Ta gaya masa duka, daga alli har tulin, ba ta rage nata ba. Ya saurara da kai a karkace, yadda yake sauraren inji.

"Ashe yana ɗakin," in ji shi.

"Yana ɗakin."

"Za su bar ki ki koma?"

"A'a."

"Sabon alƙali fa?"

"Ba labari."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon kwanon da ke hannun gandiroba ana caccaka shi da cokali.

"Auta, ki je gareji. Ki ce wa maƙwabcina mai walda ya ba wani rumfar, kada ta zauna haka nan. Kayan aikina ki sa a kwaso a kai gida. Sifanu, jak, duka. A wanke su da kananzir, a shafa musu giris, a naɗe a buhu."

"To, Yaya."

"Kada a yi ƙyashin giris ɗin. A shafa da yawa."

Gandiroba ya buga ƙarfe da makulli. Yaya ya karɓi kwanonsa ya bi layi.